Musayar fursunonin Mali ta 2020: wa ya sa hannu, wa ya ƙirga kuɗin?

Daren 8 ga watan Oktoban 2020 jirgi ya sauka a Bamako ɗauke da mutum huɗu da aka karɓo daga hannun ƙungiyar JNIM mai alaƙa da Alƙa'ida. Akwai Soumaïla Cissé, madugun 'yan adawar Mali, wanda aka sace ranar 25 ga Maris na shekarar a yankin Niafunké yana yaƙin neman zaɓe. Akwai Sophie Pétronin, Bafaranshiya mai aikin agajin yara da aka ɗauke a Gao a Disambar 2016. Sauran biyun 'yan Italiya ne, Nicola Chiacchio da Fada Pier Luigi Maccalli, wanda aka sace a ƙauyen Bomoanga na Nijar a Satumbar 2018. A madadinsu, hukumomin Mali sun saki fursunoni kimanin 200.

Babu mai hankalin da zai ga laifin iyalan da suka yi murna. Sai dai gwamnati ba ta fitar da jerin sunayen waɗanda ta saka ba, ba ta kuma yi wa 'yan ƙasa bayanin sharuɗɗan cinikin ba. Daga wannan shirun ne zarge-zargen cin hanci da cin amana suka tsiro.

Zargi na farko na kuɗi ne. Faransa ta ce ba ta biya fansa ba, kuma tattaunawar ta Mali ce. Amma a ƙarshen Oktoban ma'aikatar tsaron Aljeriya ta sanar da kama Mustapha Derrar a Tlemcen, ɗaya daga cikin waɗanda aka saka, aka kuma nuna shi a talabijin yana cewa an biya miliyoyin yuro. A Disamba rundunar sojin ƙasar ta ce ta gano yuro 80,000 a maɓoyar 'yan bindiga a Jijel, ta danganta su da wannan ciniki. Furucin wanda ke tsare ba hujja ba ne, kuma Aljeriya ta daɗe tana adawa da biyan fansa, don haka tana da nata dalilin tona asiri. Duk da haka ba wanda ya fito da lissafin da zai ƙaryata ta.

A nan matsalar take. Kuɗin fansa ba ya bi ta banki, ba ya shiga kasafin da 'yan majalisa ke tantancewa, kuma mai karɓa ba ya ba da rasit. Idan buhun da ya bar babban birni ya isa sahara da ragi, wanda ya biya ba zai kai ƙara ba tunda ya riga ya musanta biya. Kudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2133 na Janairun 2014 ya buƙaci ƙasashe su hana 'yan ta'adda amfana da fansa. Wannan ya sa gwamnatoci ke ɓoye abin da suka biya, ɓoyewar kuma ke kare duk wanda ya yanki rabonsa a hanya.

Sahel ta taɓa ganin irin wannan. An sace ma'aikatan Areva da na wani kamfanin da ke yi mata aiki a Arlit a Satumbar 2010, aka saki huɗu na ƙarshe ranar 29 ga Oktoban 2013. Jaridar Le Monde ta ruwaito cewa an biya sama da yuro miliyan 20. Kwana huɗu bayan sakin aka kashe 'yan jaridar RFI, Ghislaine Dupont da Claude Verlon, a Kidal. A 2017 wani shirin talabijin na France 2 ya tayar da tambayar ko kisan na da nasaba da kason fansa da bai kai hannun masu jiransa ba. Kotu ba ta tabbatar da haka ba, amma zargin bai mutu ba.

Zargi na biyu ya shafi masu shiga tsakani. Gwamnati ba ta iya aika duk wanda ta ga dama wurin Iyad Ag Ghaly, shugaban JNIM. Sai wanda ya san shi, wanda kuma shi ya amince da shi. Rahotanni da dama sun ambaci Ahmada Ag Bibi a cinikin 2020, mutumin da ya yi zama cikin Ansar Dine a 2012, sannan aka zaɓe shi ɗan majalisa daga Abeïbara a 2013 ƙarƙashin jam'iyyar RPM mai mulki. A batun Arlit, babban mai shiga tsakanin daga ɓangaren Nijar, Mohamed Akotey, shi ne a lokacin shugaban hukumar gudanarwar Imouraren, reshen Areva. Wannan ba ya nufin ɗayansu ya ci ko sisi. Abin lura shi ne, dangantakar da ta sa mutum ya iya aikin ita ce ke sa a kasa sanin wa yake wakilta sa'ad da ake rubuta sunayen da za a saka. Shi ya sa irin wannan manzo yake buƙatar mai sa masa ido, don kare shi kansa daga ƙazafi.

Siyasa ma ta shigo. An fara tattaunawar a zamanin Ibrahim Boubacar Keïta, wanda 'yan adawa suka zarga da jan ƙafa kan batun babban abokin hamayyarsa. Sojoji sun kifar da shi ranar 18 ga Agusta, kuma cikin mako bakwai da 'yan kwanaki aka kammala cinikin. Sabuwar gwamnatin riƙon ƙwarya tana neman karɓuwa a gida da waje, kuma hoton Cissé yana saukowa daga jirgi ya ba ta ita. Mai gaggawar saye kuwa shi ake tsawwala wa farashi. Ba majalisar da za ta tambayi dalili, domin an rushe ta a daren juyin mulkin.

Waɗanda aka manta su ne iyalan mamata. A Disambar 2014, da aka saki Bafaranshe Serge Lazarevic, ministan shari'ar Mali Mohamed Ali Bathily ya amsa cewa an yi musaya da fursunoni huɗu. Cikinsu har da Mohamed Ali Ag Wadoussène, wanda ake tuhuma da hannu a sace Lazarevic ɗin, wanda kuma ya kashe gandiroba yayin tserewa daga kurkukun Bamako a watan Yunin shekarar. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam na FIDH da AMDH sun yi tir da sakin. Aƙalla a wancan karon an ji tabbacin musayar daga bakin minista. A 2020, abin da jama'a suka gani shi ne hotunan walimar da Iyad Ag Ghaly ya shirya wa waɗanda aka sako. Sojan da ya kama mutum da alƙalin da ke binciken laifinsa ba su da tabbacin ba za su sake haɗuwa da shi a hanya ba.

Akwai hujja a ɗaya ɓangaren. An ruwaito cewa da yawa daga cikin 200 ɗin ba manyan mayaƙa ba ne, wasu ma ba a taɓa gurfanar da su ba. Idan haka ne, wallafa sunayen ya fi amfanar gwamnati, sai dai zai nuna cewa tana tsare mutane ba shari'a har sai an zo ciniki da su.

Sirri dole ne yayin da rai ke hannun masu garkuwa. Bayan an sako mutum, dalilin sirrin ya ƙare. Abin da ya kamata a nema bai wuce uku ba: alƙali ya sa hannu kan kowane suna, a sanar da iyalan waɗanda aka kashe kafin a buɗe kurkuku, sannan wata hukuma mai zaman kanta ta ji lissafin kuɗi da sunayen manzanni, ko da a bayan fage ne. Maganar ba ta tsufa ba. A 2025 an sace Turawa mata biyu a Agadez, ɗaya 'yar Ostiriya ɗaya 'yar Suwizalan, kuma Mali da Nijar da Burkina Faso duk ba su da zaɓaɓɓiyar majalisar da za ta tambayi abin da aka bayar.