Ƙarfen Mota: Kyan Ɗan Maciji Ne Idan Ba A Gwada Shi Ba

Hausawan da ke zaune a Fegge ta Onitsha sun san abin da Gadar Neja ke ɗauka tun da aka buɗe ta a 1965. Kullum manyan motoci na saukowa daga Arewa da shanu da wake da albasa, su koma da kayan masarufi. Idan mota ta lalace, direba kan nufi kasuwar kayan gyara ta Nkpor. To, a nan ne rayukan bayin Allah ke rataye a kan ƙarfen da ba wanda ya san cikinsa.

Kiranshaf da sandar da ke riƙe ƙafafun mota da ƙusoshin taya galibi ƙera su akan yi, watau a gasa ƙarfe har zafinsa ya kai wajen digiri 1,200, sa'an nan babbar guduma ta inji ta buge shi cikin wani mazubi mai siffar abin da ake so. Bugun nan shi ke matse jikin ƙarfen ya ƙara masa ƙarfi. Aikin maƙeran gargajiya ne da zuga-zugi da masaba, sai dai an mai da shi na inji.

Amma aibi kan shiga ta ƙofofi da dama. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe: idan ya huce kafin bugu sai ya tsage, idan kuwa wuta ta yi masa yawa sai ya ƙone ya yi gautsi. Wani lokaci gefensa kan ninke a kan kansa bai haɗe ba, ya bar tsaga siririya kamar gashi. Haka kuma idan aka tsoma shi cikin ruwa ko mai ba bisa ƙa'ida ba, ko kuwa tun wurin narkarwa datti ya maƙale a cikinsa. Fenti ya rufe duka, mai saye ya ga abu yana ƙyalli. Kowace girgiza a kan hanya tana ƙara buɗe tsagar, har ranar da ƙarfen zai karye ana cikin gudu.

Ko ƙasashen da suka ci gaba sun ɗanɗana wannan. A watan Yuli na 1989 wani jirgin sama ƙirar DC-10 ya faɗi a Sioux City ta Amurka, fiye da mutum 110 suka rasu. Bincike ya nuna aibin yana cikin ƙarfen faifan injin tun daga masana'anta, masu dubawa kuma ba su ga tsagar ba.

Hanyoyin gwaji sanannu ne. Akan sa wa ƙarfe maganaɗisu a barbaɗa masa garin ƙarfe, sai garin ya taru a bakin tsaga. Akan shafa jan rini wanda ke shiga tsagar ya tona ta. Akwai kuma na'ura mai aika sauti cikin ƙarfe, irin ta hoton ciki a asibiti, da wadda ke auna taurinsa.

Tun 1971 Nijeriya ta kafa hukumar kula da ingancin kayayyaki, watau SON. Ya kamata jami'anta su riƙa ɗaukar samfuri daga kasuwannin Onitsha da masana'antun Nnewi suna gwadawa, su kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Ƙungiyoyin direbobi da shugabannin Hausawan Fegge su ma suna da nasu aikin: su san 'yan kasuwar da ke ba da rasit da sunan masana'anta, su gaya wa 'yan'uwansu. Mai mota kuwa ya tuna arha ba ta ado; kuɗin da ya rage a kan ƙusar taya ba zai biya diyyar rai ɗaya ba. Allah Ya kiyaye hanya, amin.