Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Kwalejin Ilimi Ta Tarayya Da Ke Bichi



Ranka ya daɗe, na zo da roƙo ne a madadin waɗanda ba su kai rubuta wasiƙa ba: yara 'yan shekara 4 zuwa 8 na ƙauyukan Bichi, Kunchi, Tsanyawa, Bagwai da Dambatta.

Kallo ya riga ya iso musu. Ko garin da ba wutar lantarki, akwai mai cajin waya da sola, kuma a teburinsa ake tura fina-finai. Abin da babba ya turo, shi yaro zai leƙa: fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa, ko na soyayya da kishi a falon masu kuɗi. Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, manya Kannywood take yi wa aiki, don su ne masu saye. Ban ga laifinta ba, kasuwa ce. Sai dai yaron da ya tashi a tsakiyar gonakin gero bai cika ganin irin gidansu a allon waya ba.

Roƙona shi ne kwalejinka ta haɗa hannu da Jami'ar Bayero, inda ake koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo, ɗalibai su riƙa shirya gajerun fina-finai na minti biyar zuwa bakwai don ƙananan yara. Ɗaliban Bayero sun iya kyamara da haɗa hoto. Naka kuwa, da suke fita koyarwar gwaji a firamaren ƙauye, su suka san iya lokacin da ɗan aji ɗaya zai zauna shiru, da kalmar da ta fi ƙarfinsa, da abin da ke sa shi dariya. Kowane ɓangare in ya yi shi kaɗai, ko dai fim ya yi kyau yara su kasa ganewa, ko darasi ya yi daidai amma ba ya kalluwa.

Abin ɗauka kuwa yana ƙofar gida. A ƙasar nan gona manne take da gona, ba a barin fili ya huta, taki ne ke riƙe da ita. A bi jaki ɗaya daga turken awaki zuwa gona da mangalar taki, an sami fim. A nuna gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani, a bar yaro ya tambayi kakansa me ya sa gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa. A koyar da ƙirga da damman gero ranar kai su rumbu. A yi wani a kan haɗarin wanka a kududdufi da magudanan ruwan madatsar Watari. Gizo da Ƙoƙi ma suna nan, ba su taɓa neman kuɗin aiki ba.

Dattawanmu sun san majigi, motar da ke zuwa ta haska fim a ƙofar fadar dagaci, irin su Baban Larai mai koyar da noman zamani. Ya tara jama'a, amma daga sama aka sauko da shi, ana faɗa wa manomi abin da zai yi. Kada ɗalibai su maimaita haka. Yaro yana jin an fara yi masa nasiha zai tashi. Batun kayan aiki kuwa, kamfanin Ubongo na Tanzaniya, da ya fara a 2013, ya yi nisa da zane mai motsi, amma wannan sai da kuɗi. Mu waya mai kyau da makirufo sun ishe mu farawa.

Sai a kiyaye wasu abubuwa. Kada a ɗauki hoton ɗan kowa sai da yardar iyayensa da sanin mai unguwa, musamman 'ya'ya mata. A guji damina, lokacin kowa yana gona. Bayan kaka ya fi. A tuntuɓi Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tun kafin a fara, ba sai an gama ba.

Babban abin da nake so shi ne yadda za a ba da maki. Kafin malami ya sa jan biro, a kai fim ɗin ajin da aka yi shi dominsa, a kunna, a zuba ido. Inda yara suka fara hayaniya, a koma a gyara wurin. Wanda ya tsallake wannan jarrabawa a fara nuna shi a garin da aka ɗauke shi, sannan a miƙa wa ARTV da Arewa24, a kuma ba masu cajin waya kyauta su tura wa duk mai so.

Allah ya taya ka riƙo, ya ja zamaninka.

Wassalam,
Wani tsohon malamin firamare, daga ƙasar Kunchi