Bala Usman da haƙƙin da ba a iya kai ƙararsa kotu

Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, wanda aka haifa a Musawa a 1945 kuma ya rasu a Zariya ranar 24 ga Satumba 2005, masanin tarihi ne a Jami'ar Ahmadu Bello, amma kaɗan ne cikin malaman Arewa, har da lauyoyinsu, suka ja da masu mulki a kan dokar ƙasa kamar yadda ya ja. Jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne, sai dai ya tsaya a sahun talakawa, ya riƙe muƙamin sakataren gwamnatin PRP ta tsohuwar Jihar Kaduna, lokacin da Funtuwa da Malumfashi suke ƙarƙashinta. A 1989 mulkin soja na Janar Babangida ya raba shi da aikinsa na jami'a, kotu ce ta mayar da shi.

Ba duk abin da ya faɗa ne wannan jarida ta yarda da shi ba. Hujjarsa cewa man fetur na yankin Neja Delta ya samu ne daga laka da ruɓaɓɓun tsirrai da kogunan Neja da Binuwai suka kwaso daga nesa, don haka babu al'ummar da za ta ce nata ne ita kaɗai, ta harzuƙa malaman Kudu irin su Farfesa Peter Ekeh, kuma ba ta ba kukan mutanen da malalar mai ta ɓata wa gonaki da ruwa nauyin da ya dace ba.

Inda lokaci ya gaskata shi kuwa, shi ne a kwamitin tsara kundin mulki da Janar Murtala Muhammed ya kafa a 1975 ƙarƙashin jagorancin Rotimi Williams. Shi da Dakta Olusegun Osoba sun ƙi amincewa da daftarin masu rinjaye, suka rubuta nasu rahoton a 1976, suna neman ilimi da kiwon lafiya da aikin yi su zama haƙƙoƙin da talaka zai iya nema a gaban alƙali. Aka yi watsi da rahoton. Kundin 1979, da na 1999 da ake aiki da shi yanzu, sun tara waɗannan alkawura a babi na biyu, inda sashe na 14 ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, sannan sashe na 6 ya ɗaure hannun kotuna daga tuhumar gwamnati idan ta saɓa wa babin. Ma'anarsa ita ce an rubuta wa mutum takardar bashi, aka kuma hana shi zuwa karɓa.

Manoman kudancin Katsina sun san kuɗin wannan giɓi. A Faskari da Sabuwa da Ɗandume an ga manomi ya yi huɗa, ya zuba taki mai tsada, masara ta nuna, sannan ya tsaya yana kallonta daga nesa har sai ƙauyensu ya tara harajin da 'yan bindiga suka yanka kafin a bar shi ya yi girbi. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Wanda ya rasa amfanin gona ko makarantar ɗansa ta rufe, da wuya ya sami kotun cikin gida da za ta saurare shi a kan alkawarin babi na biyu.

Dokar ƙasa da ƙasa, wato yarjejeniyoyin da ƙasashe suke ɗaure kansu da su, ta ɗan buɗe ƙofa. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981, ta kuma mayar da ita dokar cikin gida, kuma a 2010 kotun ECOWAS ta yanke hukunci, a ƙarar da ƙungiyar SERAP ta shigar, cewa ilimi haƙƙi ne da ake iya nema a shari'a. Sai dai hukuncin da gwamnati ba ta cika aiwatarwa ba, ba ya isa Kafur ko Bakori.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga sanatan Katsina ta Kudu da 'yan majalisar wakilai na shiyyar Funtuwa su nemi rahoton Bala Usman da Osoba, wanda aka buga a 2019, su karanta shi, su kuma gabatar da ƙudirin gyara sashe na 6 a zaman gyaran kundin mulki na gaba.