Kwana Tara Da Jakar Goyo A Malesiya

A wani taron ƙara wa juna sani da na halarta makon jiya, babban baƙo mai jawabi ya sake ɗauko labarin nan da kowa ya haddace: wai a shekarun 1960 mutanen Malesiya suka zo Najeriya suka roƙi irin kwakwar manja, muka ba su, ga shi yau sun yi mana fintinkau. Zaure ya ɗauki tafi. Ban tafa ba, ko da yake ni ma na sha faɗin wannan magana a gaban ɗalibai da cikakken ƙarfin murya. Abin da ya raba ni da ita wata tafiya ce ta kwana tara da muka yi mu huɗu, sama da shekara goma da suka wuce, lokacin muna karatun digiri na uku a ƙasar.

Mu huɗun kuwa haɗin gambiza ne: ni Bakano, sai Bazazzagi, sai Babarbare, sai Bafulatani. Duk wanda ya san wasan da ke tsakanin waɗannan ya san ba a yi tafiyar shiru ba. Kuɗin tallafin karatu sun makara, hutu ya zo, babu halin tikitin gida. A tashar mota a Kwala Lamfur muka sha ganin samarin Turawa da 'yan mata, kowa da ƙatuwar jaka a bayansa, suna yawon ƙasashe da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Babarbaren namu ya dube su ya ce, “Malamai, ai wannan almajiranci ne aka sa masa fasfo. Mu da muka gaji abin, me zai hana mu?” Nan muka yanke shawara: jaka ɗaya kowa, motar haya mafi arha, kwana a ɗakin gadaje masu hawa biyu, kuɗi kuma a hannun Bafulatani, don shi ne ba ya iya kashewa.

Muka fara da Malaka, tafiyar kamar awa biyu kudu da babban birnin. Gari ne da aka kafa daularsa wajen shekarar 1400, sarakunansa suka musulunta, ya zama kasuwar da jiragen Larabawa da Indiyawa da Sinawa ke haɗuwa. Turawan Fotugal suka ci shi da yaƙi a 1511, 'yan Holan suka ƙwace a 1641, Ingila ta karɓa a 1824. Kowannensu ya bar alama: ragowar ƙofar ganuwar Fotugal, da jan ginin gwamnan Holan da ke tsakiyar gari. Amma abin da ya tsaya mini a rai wani ɗan siririn titi ne, inda masallacin Kampung Kling, wanda aka fara ginawa a 1748, yake jere da wurin bautar Hindu da na Sinawa, tsakaninsu 'yan taku kaɗan. Hasumiyar masallacin ma ta fi kama da ginin Sinawa. Muka yi la'asar a ciki, ƙamshin turaren maƙwabta yana shigowa ta taga, ba wanda ya ɗaga kai.

A wannan garin ne kuma muka sha kunyar farko. Mun kama gadaje huɗu ta intanet a wani ƙaramin masauki. Da mai wurin ya ga fuskokinmu, ya karɓi fasfo ɗaya ya duba bangonsa, sai ya ce wuri ya cika. Muna tsaye wasu Turawa biyu suka shigo ba tare da sun kama wuri ba, ya miƙa musu makulli. Bazazzagi ya fara ɗaga murya, muka janye shi. Mun san dalilin: wasu 'yan ƙasarmu sun shiga da bizar karatu sun ɓuge da damfara, mugun sunansu ya shafi kowa. Sanin dalili bai rage zafin abin ba, kuma ban yarda cewa laifin wani ya halatta wulaƙanta wani ba. Wajen ƙarfe goma na dare wata tsohuwa Basiniya ta ba mu ɗaki a saman shagonta, ba ta tambayi komai ba sai kuɗin kwana, da safe har ta ba mu ruwan zafi.

Daga Malaka muka koma ta Kwala Lamfur muka nufi Jerantut, a jihar Pahang. A wannan hanya ce na fara ganin abin da ake kira gonar kwakwar manja. Mai karatu, ka manta da 'yan itatuwan da ka gani a warwatse a hanyar kudu. Nan layuka ne a jere kamar sojoji a fareti, tudu da gangare, dama da hagu, ka yi barci ka farka kana cikinsu. Ƙasar tana da fiye da hekta miliyan 5 na wannan itace. Kusa da ni akwai wani dattijo Bamalaye da ya yi rayuwarsa a aikin gonar. Cikin alfahari na ce masa, “Baba, duk wannan daga ƙasarmu kuka samo irinsa.” Ya yi murmushi ya ce kakansa ya yi aikin kwakwa tun kafin a haifi ubana. Na ji haushi, na yi shiru. Da muka dawo na shiga ɗakin karatu don in ƙaryata shi, sai na tarar ni ne ba ni da gaskiya.

Ga yadda abin yake. Asalin itacen na Afirka ta Yamma ne, wannan ba gardama. Amma tun a 1848 aka dasa tushe huɗu nasa a lambun binciken tsirrai na Bogor, a tsibirin Jaba na Indonesiya, ƙarƙashin mulkin Holan. Daga zuriyar waɗannan ne aka samu irin da ya yaɗu a yankin. A shekarun 1870 ya shiga Malaya a matsayin itacen ado, sannan a 1917 wani Bafaranshe, Henri Fauconnier, ya buɗe gonar kasuwanci ta farko a Tennamaram, a jihar Selangor. Ke nan suna noman kwakwa don sayarwa shekara 43 kafin mu samu 'yancin kai. Ɗan ƙwayar gaskiyar da ke cikin labarinmu ita ce, a 1973 masu bincikensu sun zo sun tattara nau'o'in iri tare da cibiyarmu ta binciken kwakwar manja da ke kusa da Benin, don inganta nasu. Sun zo ne a matsayin waɗanda suka riga suka yi nisa.

Abin da ya ɗaga su kuwa aiki ne mai gajiyarwa da ba ya daɗin faɗa a taro. A 1956 suka kafa hukumar FELDA, wadda a wancan zamani take share daji ta ba talaka marar ƙasa kamar eka goma, da gida, da bashin da zai biya a hankali daga amfanin gonar. Suka kafa matatsun manja kusa da gonaki, domin 'ya'yan kwakwa ba sa jure jira bayan an sare su. Suka zuba kuɗi a bincike shekara da shekaru. Misalin da ya fi burge ni shi ne na wani ɗan mitsitsin ƙwaro. Da can sai leburori sun bi itatuwa suna barbara furen da hannu, aiki mai tsada. Masu bincike suka gano cewa a Kamaru wani ƙwaro ne ke yin wannan aiki kyauta. Aka shigo da shi, a 1981 aka sake shi a gonaki, aka huta da barbarar hannu. In akwai abin da suka ɗauka daga wajenmu da ya sauya musu lissafi, to wannan ƙwaron ne, kuma daga maƙwabta aka ɗauke shi, yana nan a dazukanmu ba mu tambayi aikinsa ba.

Labarin “sun ɗebi irinmu” yana da daɗi ne saboda yana mai da mu masu kyauta da aka ci amanarsu. A farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen manja, yau kuwa sai mun shigo da shi daga waje. Wanda ya gaskata cewa iri ne sirrin, ba zai tambayi abin da ya faru da cibiyoyin bincikenmu ba, ko da dalar gyaɗar Kano da ba wanda ya zo ya roƙi irinta amma ta ɓace.

Mu koma hanya. Daga Kuala Tembeling muka shiga wani dogon kwalekwale mai inji, muka yi kusan awa uku muna haura kogin Tembeling zuwa Kuala Tahan, ƙofar dajin Taman Negara. Faɗinsa murabba'in kilomita 4,343, wato ya kusa ninka Yankari, kuma an keɓe shi tun ƙarshen shekarun 1930. Mutumin da ya tashi a ƙasar da kake hango raƙumi daga nesa ba shi da kalmar da zai kwatanta wannan daji. Rana ba ta isa ƙasa. Iska a jiƙe take, rigar da ka wanke ba ta bushewa, kukan ƙwari kuma kamar injin niƙa. Mun zo a watan Nuwamba, farkon damina mai ƙarfi a wannan sashe, abin da ba mu bincika ba domin kowa ya ɗauka wani ya bincika.

Muka ƙi ɗaukar ɗan jagora don tsimin kuɗi. Muka hau gadar igiya da aka ɗaura a saman itatuwa, mai tsawon kusan rabin kilomita, wani wurin mita 40 daga ƙasa. Bazazzagi, wanda ya kwana yana cika baki, ya tsaya a tsakiya ya rungume igiya yana karanto duk addu'ar da ya sani. Na ce masa, “Mutumina, ashe jarumtar Zazzau a ƙasa take tsayawa?” Bai amsa ba sai da muka sauka, sannan ya rama da kyau, don a hanyar dawowa ruwa ya tsuge, na ji ƙafata ta yi ɗumi, na duba na ga safata ta rine da jini. Matsattsaku ne, irin na tudu, waɗanda ke tsaye a kan ganye suna jiran mai wucewa. Ba ka jin cizonsu, kuma jinin ba ya saurin tsayawa saboda abin da suke zubawa a wurin. Na cire guda bakwai. Wani yaro mai kwalekwale ya ba mu gishiri yana dariya, ya nuna mana doguwar safar da kowa ke saye a bakin kogi, wadda ma'ajinmu ya ce almubazzaranci ce.

A wannan yammacin muka yi kuskuren da har yau muke jin kunyarsa. Ruwa ya lalata wayar da ke nuna mana alƙibla. A ɗakunan kwanan ƙasar akan manna kibiya a rufi, amma a rumfar da muka fake babu. Gajiya ta sa jiki ya koma ga sabo: muka lura da inda hasken rana ke gushewa, muka ba shi baya, muka kalli gabas muka ta da salla. Sai da muka sallame Bafulatani ya dafa kai. Daga Malesiya, Makka tana yamma ne, da ɗan karkata arewa. Mu huɗu, kowa da digiri biyu, mun ba alƙibla baya. Muka juya muka sake.

A daren ne, ina kwance ƙafa na zugi, na haɗa abu biyu da na gani a yini biyu. Da yawa daga layukan kwakwar da suka burge ni a hanya, irin wannan dajin ne aka share aka dasa su. Mutanen Batek, 'yan asalin dajin da muka gani a gefen kogi, iyakar duniyarsu ta tsuke. Duk mai cewa mu yi koyi da Malesiya ya kamata ya faɗi wannan ɓangaren ma.

Tsaunukan Cameron ba mu daɗe ba. Wuri ne mai sanyi da gonakin shayi da aka fara a 1929, mu kuwa ba wanda ya zo da rigar sanyi. Kwana ɗaya muka gudu.

A Penang muka ƙare. Ingila ta kafa George Town a 1786, kuma a unguwar masallacin Lebuh Aceh, wanda aka gina a 1808, nan ne maniyyata daga sassan yankin suke taruwa su jira jirgin ruwan Jidda, har zuwa shekarun 1970. Na tsaya ina tuna kakanninmu da suka bi ta Sudan a ƙasa, wasu ba su dawo ba. Su ma talakawansu sun sha sayar da gona da dabba don Hajji su dawo ba su da komai. Wani malamin jami'a masanin tattalin arziki, Ungku Aziz, ya rubuta shawara a kai, aka kafa asusun ajiyar maniyyata a 1963, wanda aka sani da Tabung Haji. Takardar malamin jami'a ce ta zama hukuma. Na daɗe ina tunanin inda namu takardun suke kwana.

Ranar ƙarshe kuɗi suka ƙare saura na mota. Babarbare ya nace sai mun ɗanɗana duriyan, ɗan itacen nan mai ƙaya wanda warinsa ya sa ake hana shiga da shi masauki. Shi kaɗai ya iya haɗiyewa, kuma shi kaɗai ya zauna a kujerar baya har Kwala Lamfur.

A taron makon jiya, da aka zo lokacin tambayoyi, na miƙe na faɗi shekarun nan uku: 1848, 1917, 1981. Shugaban taro ya gode mini, ya ce lokaci ya ƙure. Da daddare na kira Bazazzagi, wanda yanzu shi ma yake koyarwa, na ba shi labari. Ya ce, “Malam, ka gaya musu maganar ƙwaron?” Na ce na gaya musu. Ya ce, “To ta matsattsaku fa?”