Ruwa Ya Kewaye Tsibirin Ikko, Amma Na Sha Sai An Saya

Duk inda mutum ya juya a tsibirin Ikko ruwa zai gani, ga teku ga tafki, amma ba wanda zai iya kai shi baki. Rijiyoyin da a kan haƙa a Isale Eko da Obalende da Idumota yawancinsu ruwan zartsi ne. Dalili kuwa shi ne, a ƙarƙashin ƙasa ruwan daɗi yana bisa na gishiri ne, don ya fi shi rashin nauyi. In aka yawaita zuƙarsa da injin burtsatse, sai na gishirin ya taso ya maye gurbinsa, kuma da wuya ya koma. Watau dai kowace sabuwar burtsatse tana rage wa maƙwabta rabonsu.

Wannan matsala ba yau ta fara ba. Tun 1908 mutanen Ikko suka yi bore saboda harajin ruwa da Gwamnatin Turawa ta so ɗora musu, suna cewa Turawa ne za su ci moriyar famfon. A 1915 Gwamna Lugga ya buɗe ma'aikatar ruwa ta Iju, can bisa tudu, aka jawo bututu zuwa tsibirin. An ƙara ta Adiyan a 1991, mai iya ba da galan miliyan 70 a rana, amma kashi na biyu na aikin Adiyan ya kwashe fiye da shekara goma ana jiransa. A 2016 wani jami'in Majalisar Ɗinkin Duniya, Léo Heller, ya bayyana cewa kimanin kashi 10 daga cikin ɗari ne kawai na mutanen jihar ke samun ruwan hukuma.

Giɓin da ya saura, 'yan ga-ruwa ne ke cike babban ɓangarensa, kuma da yawansu 'yan Arewa ne da 'yan Nijar. Su ne kuma a kan fara nuna wa yatsa da zarar cuta ta ɓulla, kamar kwalarar da ta ɓarke a watan Yuni na 2024, wadda ta fi tsanani a ƙaramar hukumar tsibirin. Alhali ɗan ga-ruwa dako kawai ya ke yi. Abin da mai burtsatse ya sayar masa shi zai turo a kura, ko da ya ke tsabtar jarka wuyansa ta ke.

Masana sun ƙiyasta cewa mutum ɗaya na bukatar aƙalla lita 50 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Gida mai mutum shida ke nan lita 300, watau jarka 12 mai cin lita 25, kusan kura guda kullum. Magidancin da ke sayen wannan da guminsa ba ya bukatar a yi masa wa'azin tattali. Tuni matarsa ke tara ruwan ɗauraya don wanke ɗaki da kora ban-ɗaki, da bokiti a ke wanka, alwala kuwa buta ɗaya ta isa. Ɓarnar tana manyan gidaje ne, inda tankin sama kan cika ya yi ta zuba sa'a guda ba wanda ya kashe inji, a wanke mota da tiyo, a bar famfo yana ɗiga wata da watanni.

A nan ne ya kamata mahukunta su dubi tsibirin Bamuda, wanda ke ƙarƙashin Ingila a tekun Atilantika. Ba su da kogi ko ɗaya, ruwan sama da su ke samu a shekara kuwa bai fi na Ikko ba. Dokarsu ta 1951 ta tilasta wa duk mai gina gida ya sa indararo a kashi huɗu cikin biyar na rufinsa, ya kuma gina tanki mai cin galan takwas ga kowace ƙafa murabba'i ta rufin. Abin lura shi ne, mai gini doka ta kama. A Ikko ɗan haya ba shi da ikon kafa ko ƙusa a jikin kwano sai da yardar mai gida, mai gidan kuma sau da yawa shi ne mai burtsatsen da ke sayar da ruwa a unguwa.

Lissafin ba shi da wuya. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan mita murabba'i ɗaya lita ɗaya ce. Ikko kan sami milimita 1,500 ko fiye a shekara, saboda haka rufi mai mita murabba'i 50 zai iya tara lita 75,000, watau jarka 3,000, in ba a cire wanda ya zube ba. Sharaɗi shi ne a bar ruwan farko ya wanke kwano, a rufe duro saboda sauro, a tafasa na sha.

To, amma akwai bambanci. A Bamuda ruwa na sauka kusan kowane wata, a Ikko kuwa daga Disamba zuwa Maris ba a samun na kirki. Gida mai mutum shida zai bukaci lita 36,000 kafin ya ƙetare wata huɗun nan, kuma a lungunan Isale Eko, inda iyali goma ke ƙarƙashin rufi ɗaya, ba wurin ajiye tanki irin wannan. Indararo zai rage wa magidanci kuɗin ruwa da damina, zai kuma ba rijiyoyin ƙasa hutu, amma da rani ya shigo sai an koma ga kura da jarka, har ranar da bututun hukuma zai kai kowane lungu.

Su ma 'yan ga-ruwa suna da abin yi tun yanzu. Shugabannin Hausawa na Obalende da sauran unguwanni za su iya haɗa su ƙungiya, a tsayar da ranar wanke jarkoki, a daina ɗiba a burtsatsen da ke kusa da masai ko kwata, don kada wata kwalara ta sake zama hujjar hana su sana'a.