Kafin Ka Zaɓi Hanya, Zaɓi Zango

Da zarar an gama jarrabawar ƙarshen shekara an sallami yara, hirar ƙofar masallaci bayan la'asar a nan Zongon Lome takan koma guda ɗaya: wa zai je gida bana, kuma ta ina za a bi. Wani Kano za shi, wani Sakkwato, wani Maraɗi ko Tawa, wani kuma nan kusa, Sokode ko Mango. Sai ka ji ana musu a kan hanya kamar ana musun ƙwallo. Wannan ya ce ta Legas ta fi, wancan ya ce a haura Kara a faɗa Jugu. Amma ka tambayi maigidan da zai ɗebi mace da yara huɗu da tsohuwa a mota, ka ce masa: “Alhaji, a ina za ku kwana?” Amsar da na fi ji ita ce: “Haba Malam, duk inda dare ya yi mana.”

Wannan amsar ce ta sa na ɗauki alƙalami. A ganina, wanda zai yi doguwar tafiya da iyali ya fara sanin inda za su kwana kowane dare, da sunan gari da sunan mai masauki, sannan ya ja hanyar da za ta haɗa waɗannan wuraren. Hanyar da ba ta da makwanci mai kyau kafin faɗuwar rana, ko da ta fi gajarta, a bar wa masu tafiya su kaɗai.

Ni ma ba a littafi na koyi wannan ba. A hutun 2019 na ɗauki maiɗakina da yaranmu biyu a motar yayana za mu Birnin Konni gaida kaka. Mun kwana Kara lafiya lau. Kashegari muka tsallaka Benin, muka tsaya gyaran burki a Jugu, muka isa Faraku da la'asar. Maiɗakina ta ce: “Malam, mu sauka nan mana, ƙaramin nan jikinsa da zafi.” Na ce a'a, Kandi ba nisa, in muka matsa gobe da hantsi muna Gaya. To Kandi ɗin nan ta fi kilomita 200 daga Faraku. Bayan isha, ana yayyafi, fitilar mota ta ɗauke a wani daji da ban san sunansa ba. Muka tura motar har bakin wani ƙauye. Wata dattijuwa, Allah ya saka mata da alheri, ta buɗe ɗakinta ta karɓi maiɗakina da yara, ni da direba muka kwana a barandar masallaci sauro na cin rabonsa. Zazzaɓin yaron ya tashi cikin dare, babu asibiti kusa, babu motar da za ta kai mu. Allah ya tsare, amma har yau in na tuna daren nan sai in ji kunyar kaina. Gaggawar awa uku ta ci mana kwana biyu, ta kuma kusa cin abin da ya fi kwana biyu.

Abin mamakin shi ne mu ne mutanen da bai kamata a koya wa wannan darasin ba. Sunan unguwarmu kansa zango ne, wato inda ayari ke sauke kaya ya kwana. Kakanninmu fatake da suka riƙa tasowa daga Kano zuwa Gwanja sayen goro suna shafe watanni a hanya, kuma ba su tafiya da ka. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai shigewa gaba ya duba hanya da wurin sauka, yana da uban dawaki mai sasantawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Ana tashi da sassafe, a sauka tun rana na sama, a wurin da aka san akwai ruwa da kiwo da tsaro. Waɗannan masaukai ne suka zama unguwanni a Nikki da Jugu da Sansanin Mango har Salaga. Ko da hukuma ta tashi tsohon Zongon Lome daga tsakiyar gari a 1977 aka dawo da iyayenmu nan arewacin birni, sunan ya biyo mu. Jikan madugu ne yau yake cewa duk inda dare ya yi masa.

Na ga yadda iyalai a Amurka suke tafiya hutu da wata irin mota mai gado da murhu da banɗaki a cikinta. Ka ga mutumin da ɗakinsa ke bayansa, amma duk da haka sai ya kama wurin da zai ajiye motar ya kwana tun kafin ya bar gida, wani lokaci da watanni. Mu da muke cusa mutum bakwai da buhun gari da jarkar manja a ƙaramar mota, mun fi shi bukatar wannan lissafin.

Kuma hanyoyin da muka sani jiya sun canza. Da can mai zuwa Nijar yakan miƙe ta Faraku da Kandi ya haye gadar Malanbil ya faɗa Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka rufe wannan iyakar. Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ta bar nata a rufe, mutane suka koma tsallaka kogin Kwara da kwalekwale. Duk wanda ya ga kogin nan da damina ba zai so ya sa jariri da tsohuwa a kwalekwale da magariba ba. Ta arewa kuma, hanya mai lamba ɗaya da ta tashi daga Lome ta bi Atakpame da Sokode da Kara da Mango da Dapaong har Sinkase, kusan kilomita 650, tana ratsa yankin Savanes da aka sa wa dokar ta-ɓaci ta tsaro tun watan Yunin 2022. Bayan Sinkase, cikin Burkina Faso, manyan motocin da ke ɗaukar kayan Nijar daga tashar jiragen ruwan Lome ma sai da rakiyar soja suke bi ta Kaya da Dori zuwa Tera. Hanyar da tirela ke jiran soja ba hanyar kai yara hutu ba ce. A Najeriya kuwa, kowa ya ji labarin hanyar Birnin Gwari, ya kuma ji harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022. Ga kuma ruwa: babban hutunmu yana faɗawa tsakiyar daminar arewa, kuma ambaliyar Mokwa ta ƙarshen Mayun 2025, a kan hanyar da masu haurawa daga Ilori ke bi, ta nuna abin da ruwan dare ɗaya ke iya yi.

Ban kawo waɗannan don in tsorata kowa ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma yaron da aka haifa a Lome yana da haƙƙin ya ga garin kakansa. Abin da nake cewa, tunda hali ya zama haka, dare a hanya ya fi da tsada, sai a yi lissafinsa tun daga gida.

Ga yadda nake yi yanzu, da takarda da fensir kamar ina shirya darasi. Ina raba tafiyar kwana-kwana, kowace rana kada ta wuce kilomita 350 zuwa 400 in da yara a mota, ranar da za a tsallaka iyaka kuwa ƙasa da haka. Misali mai bin gaɓar teku: daga Lome zuwa Kwatano kusan kilomita 150 ne, daga nan zuwa Legas bai kai haka ba. A taswira tafiyar rabin yini ce. Amma akwai iyaka biyu a tsakani, Hilakonji da Seme, ga shingaye tsakanin Seme da Badagiri, ga cunkoson shiga Legas. Ga kuma abin da mutane ke mantawa: kana tsallakawa Benin agogo ya ƙaru da awa ɗaya, haka yake a Najeriya da Nijar. Wanda ya ce zai tashi Lome da hantsi ya kwana Badun, ya shirya shiga Legas cikin duhu da yara masu jin yunwa. Gara ya kwana Zongon Kwatano, ko ya yi sammako sosai ya sauka Agege wurin 'yan'uwa. Mai bin arewa kuma, Sokode tana wajen kilomita 340 daga Lome, Kara wajen 420. In an makara tashi, a sauka Sokode, kada a ce sai an hau duwatsun Alejo da magariba. Faraku zango ce ta biyu mai kyau ga wanda ya bi ta Jugu.

Kowane zango kuma ina sa masa na ko-ta-kwana, gari ɗaya kafin shi, saboda taya na fashewa, yaro na yin amai, jami'in iyaka na tafiya cin abinci. Doka ɗaya ce ba na karyawa: in la'asar ta yi sakaliya ba mu isa ba, mu sauka a gari mafi kusa. Addini ma ya sauƙaƙa wa matafiyi, ya ba shi ƙasaru. Babu inda aka ce sai ya isa yau.

Wane wuri ne ya cancanci a kira shi zango? A nan sai a tambayi mata, domin su ne suka san amsar. Namiji yana iya shimfiɗa darduma a tashar mota ya yi barci, uwar yara ba za ta iya ba. Akwai ruwa? Akwai banɗakin da mace za ta shiga da daddare ba tare da ta ratsa taron maza ba? Akwai ɗaki mai ƙofa da inda za a ɗaura gidan sauro? Akwai katangar da za a shigar da mota? Asibiti ko kantin magani yana kusa? Bakanike fa? In gidan ɗan'uwa ne, a kira shi tun mako guda kafin tafiya, a faɗa masa ku nawa ne, a kuma riƙo masa tsaraba. Faɗo wa mutum da ƙarfe goma sha ɗaya na dare da mutum bakwai ba zumunci ba ne, ɗora nauyi ne.

Na san abin da za a ce mini. Na farko kuɗi: kwana uku a hanya yana nufin ɗaki uku da abinci sau tara. Gaskiya ne, kuma ni malamin makaranta ne, na san ƙarshen wata. Amma kuɗin ɗaki na dare ɗaya bai kai kuɗin taya ɗaya ba, balle kuɗin jawo mota daga daji ko gadon asibiti a ƙasar da ba ka san kowa ba. In kuɗin bai kai a kwana a hanya ba, to bai kai a tafi da yara bana ba, a tara zuwa baɗi. Na biyu, direbobi suna cewa tafiyar dare ta fi sanyi, injin ba ya zafi, hanya ba cunkoso. Wannan lissafin mai ɗaukar kaya ne. Da daddare ne ake cin karo da babbar motar da ta lalace aka bar ta a kan kwalta ba fitila, sai 'yan ganyaye da aka zuba a bayanta, da daddare ne kuma barci ke satar direban da ya wuni yana tuƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a. Masu shekara biyar zuwa sama ɗin nan su ne ke zaune a gabana a aji.

Takardu ma suna cikin lissafin zango, domin takarda ɗaya da ta ɓace tana iya kwanar da iyali a bakin iyaka. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba mu damar shiga ƙasashen juna ba biza har kwana 90, amma ba ta ce a zo hannu rabbana ba. A duba katin shaida ko fasfo na kowa, da takardar haihuwar yara, da katin allurar shawara, da takardun mota, da inshorar nan ta katin ruwan ƙasa da ke aiki a ƙasashen yankin. Tunda Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, mai zuwa can ya tambayi wanda ya dawo a makon nan abin da ake nema a iyaka. Labarin bara ba ya aiki. A riƙe sefa da naira a hannu, a rubuta lambobin masu masauki a takarda, saboda waya na mutuwa.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga sarakunanmu na Zongo da limamai da shugabannin direbobi. Kusan duk babban garin da ke kan waɗannan hanyoyi yana da unguwar Hausawa: Zongo a Atakpame da Sokode da Kara da Kwatano da Faraku, Sabo a Badun. Iyayenmu sun san mai masaukin kowane gari, mu mun bar abin ya mutu. Me zai hana kafin kowane babban hutu a tattara sunayen amintattun masaukai da lambobinsu a ajiye a masallacin Juma'a, direbobin da suka dawo su riƙa faɗin halin da hanya ke ciki? Wannan ba ya bukatar kuɗin gwamnati ko na wata ƙungiya, littafi ɗaya ne da mutum ɗaya mai riƙon amana.

Ni dai bana na riga na rubuta zangunana, na kuma miƙa wa maiɗakina takardar ta duba, ta soke ɗaya ta ce banɗakinsa ba shi da ƙofa. A watan Satumba zan buɗe rajista in kira sunaye, ina so kowane yaro ya amsa. Masu tafiya, Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, a gaida mutanen gida.