Agogon da ruwan famfo ya kashe



Makon jiya wani ɗan ajinmu ya zo da sabon agogo, yana ta ɗaga hannu don kowa ya gani. Ya ce mai shago ya rantse masa cewa "wata-furuf" ne, ko rijiya ya faɗa ba abin da zai same shi. Ranar Alhamis da muka je alwalar azahar sai ya tara hannunsa a bakin famfo, ya bar ruwa yana ta zuba a kai don ya burge mu. Kafin a tashi gilashin ya yi gumi ta ciki, washegari lambobin suka ɓace. Mun yi dariya, ba za mu ɓoye ba. Amma da muka juya bayan agogon, ashe ba waterproof aka rubuta ba, water resistant ne. Mu da muke karatun Turanci tun aji ɗaya na firamare, babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya iya faɗin bambancin. Kuɗin tara na wata biyu ya tafi a banza.

Mun je mun duba ƙamus, mun kuma tambayi malaminmu na kimiyya. Idan aka liƙa proof a ƙarshen kalma, ana nufin abin ba ya shiga sam. Waterproof, ruwa ba ya shiga. Fireproof, wuta ba ta ci. Bulletproof, harsashi ba ya hudawa. Irin iƙirarin 'yan tauri ke nan ranar hawan sallah, masu cewa wuƙa ba ta kama su. Shi kuwa resistant turjiya ce kawai. Abin yana jurewa na ɗan lokaci, idan aka matsa masa ya sallama. Littafin da aka ɗaure a leda da littafin da aka saka a jakar makaranta ba ɗaya ba ne idan ruwan Agusta ya sauko: jakar za ta tare yayyafi, amma ba za ta tare mamako ba.

Ko lambar da ke bayan agogo tana ruɗi. Wanda aka rubuta wa 30M ba a nufin a yi nitso da shi mita 30, fantsalin ruwa da yayyafi kaɗai yake ɗauka, wannan ma idan ba jabu ba ne. A kwalin wasu wayoyi kuma za ku ga IP67. Lamba 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 7 na nufin wayar za ta iya yin minti 30 a ruwa mai zurfin mita 1. Mu da muke fama da hunturu, wannan 6 ɗin ya fi mana amfani.

Da a kan agogo abin ya tsaya, da ba mu ɓata takarda ba. Da aka rubuta mana drug-resistant malaria a allo, da yawanmu mun ɗauka maganin ne mai ƙarfi. Ashe ƙwayar cutar ce ta yi taurin kai, ta daina jin magani. Shi ya sa a 2005 Najeriya ta daina ɗaukar kulorokwin a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro, ta koma ga haɗin da ake kira ACT. Yanzu ku duba, a gidaje da yawa mu 'yan makaranta ake miƙa wa kwalin magani a ce mu karanta. Idan muka fahimci kalma a baibai, ƙanenmu ne zai sha wahala.

Akwai kuma immune. A darasin lafiya tana nufin jiki ya samu garkuwa, kamar yadda ɗigon rigakafin shan inna yake yi wa jarirai, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2020 cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga yankin Afirka. Amma a darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa ita dai wannan kalma tana nufin kariya daga gurfana a kotu, irin wadda sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu muddin suna kan mulki. Yawanci immune to ake cewa a kan cuta, immune from a kan hukunci. Mun haddace duka biyun don jarrabawa ba tare da mun lura kalma ɗaya ce ba.

Abin da ya ba mu haushi shi ne, duk wannan bayanin bai ɗauki minti goma ba da aka yi mana shi da Hausa a gindin darbejiya. A aji kuwa, duk wanda ya buɗe baki ya ce "Malam, wato ba ya jin magani?" sai monita ya rubuta sunansa, wai ya yi yare. Mun san hujjar malamai: da Turanci za mu rubuta jarrabawar aji uku, kuma wanda ba ya magana da harshe ba zai iya shi ba. Gaskiya ne, ba mu ce a daina ba. Amma aku ma yana maimaita abin da ya ji, ba ya nufin ya gane.

Roƙonmu ga shugaban makaranta da malaman Turanci shi ne a ba mu minti biyar a ƙarshen darasi, wanda za mu iya tambayar ma'anar kalma da Hausa ba tare da an rubuta sunan kowa ba. Mu kuma 'yan kulab, ranar Laraba mai zuwa kowa ya zo da kwali ko leda ko wani abu daga gida mai ɗauke da proof ko resistant, mu karanta tare. Mai agogon ya yi alkawarin kawo nasa.